Sharaɗin Wurin Zama Kafin a Mayar wa Iyaye 'Ya'yansu a Amurka: Nazari Domin Ɗaliban Fassara

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na fassara ya ba mu wani ɗan gajeren labari daga Amurka domin mu juya shi zuwa Hausa. Labarin wata mata ne da hukuma ta ɗauke mata 'ya'ya biyu, alƙali kuma ya ce ba za a mayar mata da su ba sai ta sami wurin zama da ya dace. Da aka tattara takardunmu sai ga fassara iri-iri. Wani ya rubuta "sai ta gina gida", wata ta ce "sai ta koma gidan mijinta", ni kuwa na rubuta "sai ta sami ɗaki". Dukkanmu mun kuskure, kuma abin da ya kayar da mu shi ne rashin sanin yadda al'amarin yake gudana a can. Saboda haka wannan maƙala za ta yi bayanin irin gidan da ake neman iyaye su tanada, da dalilin da ya sa cika sharaɗin yake da wuya ga talaka, sannan ta dawo kan kalmomin da ya kamata mai fassara ya zaɓa.

Daga ɗauke yaro zuwa mayar da shi

A Amurka kowace jiha tana da hukumarta ta kare yara, kuma tana da dokarta. Gwamnatin tarayya nata shi ne ba da kuɗi, tare da gindaya ƙa'idojin da jiha za ta bi kafin ta ci moriyar kuɗin. Idan aka kai rahoto cewa ana cutar da yaro ko ana sakaci da shi, ma'aikacin hukumar zai yi bincike. In ya ga akwai haɗari, sai a ɗauke yaron a kai shi wajen dangi ko wajen mariƙan da hukuma ta tantance, sannan a kai maganar gaban alƙali cikin 'yan kwanaki. A shekarar 2021 yara kimanin 390,000 ne ke cikin irin wannan riƙo a ƙasar. Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa sakaci shi ne dalilin da aka fi ambata, ya ma ɗara duka da sauran nau'o'in cin zarafi nesa ba kusa ba. Matsalar wurin zama kuwa ana ambatarta a kan kusan yaro 1 cikin 10.

Cikin kwana 60 da ɗauke yaro, wajibi ne hukuma ta rubuta takardar sharuɗɗa. A ciki ake jera abubuwan da iyaye za su yi: halartar darussan tarbiyyar yara, gwajin miyagun ƙwayoyi idan akwai zargin haka, ganin likitan ƙwaƙwalwa, neman aikin yi, da kuma samun tsayayyen wurin zama. Ba a bar su su yi abin a lokacin da suka ga dama ba. Wata doka da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a 1997 ta ce a yi zaman yanke makomar yaro cikin wata 12, kuma idan ya kai wata 15 cikin wata 22 na baya-bayan nan yana hannun hukuma, to jiha ta shigar da ƙarar soke haƙƙin iyayensa a kansa. Akwai togaciya guda uku: idan yaron yana wajen danginsa, ko akwai ƙwaƙƙwaran dalili a rubuce na ƙin yin hakan, ko kuma hukumar ce ta gaza ba iyayen taimakon da ya kamata. Mai karatu ya riƙe wannan wata 15 ɗin, domin za mu sake komawa kansa.

Abin da ake dubawa a gidan

Babu wata dokar tarayya da ta faɗi yawan ɗakuna ko faɗin falon da iyaye za su tanada. Ba a kuma ce sai sun mallaki gida ba. Haya ta wadatar, zama da dangi ma yakan wadatar. Ma'aunin da ake koya wa ma'aikata shi ne mafi ƙarancin kulawar da za ta tsare lafiyar yaro, wato kada a gwada gidan talaka da na mai hali. Amma kafin a mayar da yaro ma'aikaci yakan zo ya zagaya gidan da idonsa, kuma abubuwan da yake dubawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

Da farko zai kunna famfo da fitila, ya ga ko akwai ruwa da lantarki, da na'urar ɗumama ɗaki, domin a jihohin arewa sanyin hunturu yana kisa. Zai buɗe firji ya ga ko akwai abinci. Zai duba na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, ya duba ko akwai wayar lantarki a waje, ko karyayyar taga, ko ɓeraye da kyankyasai. Magunguna da sinadaran wanke-wanke dole su kasance inda hannun yaro ba ya kaiwa, bindiga kuma a kulle. Idan tsohon gini ne za a damu da fentin da ke ɓamɓarewa, saboda sai a 1978 aka haramta fenti mai darma a gidajen zama, ita kuwa darma tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Daga nan sai maganar kwana, wadda ita ce ta fi ba ɗan Nijeriya mamaki. Ana son kowane yaro ya kasance da gadonsa. Jariri kuwa sai an ga ɗan gadonsa na daban, domin likitocin yara a can suna gargaɗin a kwantar da jariri a rigingine, a ɗaki ɗaya da uwarsa amma ba gado ɗaya ba, don gudun mutuwar farat ɗaya cikin barci. Abin da uwa take yi a wajenmu a matsayin ƙauna, wato kwana da jaririnta a jikinta, a can yana iya shiga rahoto a matsayin haɗari. Har wa yau, jihohi da dama suna da ƙa'idar cewa yara maza da mata da suka haura kimanin shekara 5 ba za su kwana ɗaki ɗaya ba. Sai dai a lura, wannan ƙa'ida ta gidajen mariƙa ce masu neman lasisi. Ba don iyaye aka rubuta ta ba, amma lauyoyin iyaye sun daɗe suna kukan cewa wasu ma'aikata da ita suke auna gidan uwa. A ganina nan ne aka fi shiga haƙƙin talaka, domin da yawanmu a ɗaki ɗaya muka tashi da 'yan'uwanmu, kuma ba mu ga wanda abin ya nakasa ba.

Ana kuma duba mutanen gidan. Duk baligin da ke zaune a ciki akan binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi ko cutar da yaro. Idan wanda aka zarga da dukan yaran yana nan, to gidan ya faɗi ko da fada ce. A ƙarshe sai a nemi shaidar cewa zaman zai ɗore, galibi takardar yarjejeniyar haya mai ɗauke da sunan uwar ko uban. Idan komai ya yi daidai, akan fara da barin yara su kwana ɗaya ko biyu, sannan a yi zaman gwaji wanda ƙa'idar tarayya ta yarda ya kai wata 6 kafin a rufe shari'ar.

Inda gizo ke saƙa

Mu ƙaddara wata mata mai 'ya'ya uku da aka kora daga gidan haya, aka same ta tana kwana da su a mota, aka ɗauke su. Ranar da yaran suka bar hannunta, lissafinta ya canza. Tallafin kuɗi da ake ba matalautan iyalai a ƙarƙashin dokar 1996 ya dogara ne da kasancewar yaro a gida. Idan ya yi kwana 45 ba ya nan sai a yanke, ko da yake jiha na iya sa wa'adin tsakanin kwana 30 da 180. Matsugunin marasa gida da ke karɓar iyali yana iya ƙin karɓarta, tunda yanzu ita kaɗai ce.  Daɗin daɗawa, jihohi sun daɗe suna aiko wa irin waɗannan iyaye takardar biyan wani kaso na kuɗin riƙon 'ya'yansu, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta shawarce su da su rage yin hakan.

To, ta nemi haya da kanta mana? Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗara haka. Mai aikin awa 40 a mako a kan wannan farashi zai tashi da kimanin dala 1,250 a wata. Masu gidajen haya da yawa ba sa ba mutum gida sai abin da yake samu ya ninka kuɗin hayar sau uku, ke nan ita ba za ta wuce gidan dala 420 ba, alhali gida mai ɗakin kwana biyu a manyan birane ya haura dala 1,000. Ɗaki ɗaya kuma ba zai yiwu ba, saboda tun 1991 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta ɗauki mutum biyu a kowane ɗakin kwana a matsayin iyakar da mai gida zai iya gindayawa. Ga kuɗin ajiya da za ta biya tun kafin ta shiga, ga tabon korar da aka yi mata yana nan a kundin kotu, kowane mai gida yana iya gani. Layin masu jiran takardar tallafin haya kuwa a birane da yawa shekaru yake ɗauka. Ita ko wata 15 gare ta. Kotu ta ce kawo gida a ba ki yara, ofishin gidaje ya ce kawo yara a ba ki gida.

Gyaran da aka yi

Doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Tun 1980 aka wajabta wa jihohi yin ƙoƙari gwargwadon iko don kada a raba iyali, ko don a sake haɗa su. A 1990 Majalisar Dokoki ta ƙirƙiro shirin haɗa iyali, wanda ke ba da takardar tallafin haya ga iyalan da rashin gida ne babban dalilin ɗauke 'ya'yansu ko jinkirin mayar da su. Mai takardar yakan biya kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, gwamnati ta cike sauran. Matsalar ita ce takardun ba su da yawa, kuma ba kowane gari ke da shirin ba.

A Jihar Illinois wasu matalautan iyaye sun kai hukumar kare yara ƙara, a shari'ar da aka fi sani da sunan Norman. A 1991 aka yi sulhu, hukumar ta amince za ta riƙa ba da agajin kuɗi da taimakon neman gida maimakon riƙe yara saboda talauci. A 1997 Kotun Ƙolin Jihar Washington ta yanke cewa alƙali na da ikon umartar hukuma ta taimaka da wurin zama idan rashinsa ne babban dalilin riƙe yaro. Ita dai wannan jiha ta sake yin doka a 2021, wadda ta fara aiki a 2023, da ke cewa talauci ko rashin isasshen gida kaɗai ba hujjar ɗauke yaro ba ne.

Zaɓen kalma

Yanzu mu koma ajinmu. Wanda ya ce "sai ta gina gida" ya ɗora mata nauyin da doka ba ta ɗora ba, tunda haya ta isa. Wadda ta ce "gidan mijinta" ta ɗauka rikicin saki ne, irin wanda muka saba gani a kotunan Musulunci, inda ake jayayya tsakanin uwa da uba a kan reno. A nan kuwa jayayyar tsakanin iyaye ce da hukuma. Nawa kuskuren ya fi ban dariya. Ni da na koyi Hausa da girmana ban san cewa idan aka ce mace "ta koma ɗakinta" aure ake nufi ba, don haka "sai ta sami ɗaki" na iya sa Bahaushe ya ji kamar alƙali ya ce sai ta yi aure.

"Muhalli" ta dace, amma yanzu ta fi karkata ga iska da ruwa da dazuzzuka, kamar a Ma'aikatar Muhalli. "Masauki" na baƙo ne, ba ya ɗorewa, shi kuwa sharaɗin ɗorewa yake nema. "Matsuguni" ta fi yawa a labaran 'yan gudun hijira. Ni dai na fi gamsuwa da "tsayayyen wurin zama". Haka nan "riƙo" a Hausa da yardar iyaye ake yin sa, zumunci ne a ba goggo ko kawu yaro, saboda haka sai an ce "riƙon hukuma" ma'anar za ta fita. "Ƙwace" kuma tana ɗauke da hukuncin cewa an yi zalunci. Mai fassara labari ya tsaya ga "ɗauke" ko "karɓe". Wajen soke haƙƙin iyaye, a ƙara "a idon doka", domin mai sauraro ba zai yarda takarda tana kankare haihuwa ba.

Da malam ya dawo mana da takardunmu don mu gyara, ga abin da na rubuta: "Alƙali ya ce yaran za su ci gaba da zama a riƙon hukuma har sai uwarsu ta sami tsayayyen wurin zama, ko da na haya ne, wanda ma'aikatan hukumar suka duba suka amince da shi."