Hinjin Murfin Injin Mota: Yadda Ake Ƙera Shi a Maƙera

A ƙasar Yandakan Katsina, Hakimin Dutsin-Ma, da ta Maradin Katsina, Hakimin Kurfi, har yanzu akwai tsofaffin motoci da ke ɗaukar hatsi da kifi da kayan lambu daga ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Zobe, wanda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a 1983. Cikinsu akwai Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da akori-kura Peugeot 404 da 504. An daina yin waɗannan samfura, kayan gyaransu kuwa sun yi wuya. Saboda haka in wani ƙaramin ƙarfe ya karye, wurin maƙeri ko mai walda ake zuwa. Hinjin murfin inji, watau abin da direbobi ke kira bonet, yana cikin irin waɗannan ƙarafa, kuma ya kamata hakimai da malamansu su san yadda aikinsa yake.

Dalili kuwa shi ne, a yawancin motoci hinjin yana baya, kusa da gilashi, maƙulli yana gaba. Gargadar hanya tana cin ƙusar hinji kaɗan kaɗan har murfin ya riƙa rawa, rawar nan kuma ita ke kwance maƙulli. Kadan maƙulli ya saki mota tana cikin gudu, iska za ta ɗaga murfin ta maka shi a kan gilashi, direba ba ya ganin kome, ga mutane cike a baya. Wanda ya ɗaure murfi da igiya ko tsinken roba bai yi gyara ba, ya dai jinkirta ranar.

Hinji abu uku ne: fiffike biyu, ɗaya a jikin mota ɗaya a jikin murfi, da ƙusar da ta ratsa su. Aikin farko ba a wuta ake yinsa ba. Sai maƙeri ya yanka siffar hinjin a kwali mai kauri, ya soke shi da ƙusa, ya kara a jikin motar, ya buɗa ya rufe. Nan zai ga ko gefen murfi zai goga jikin mota kafin ya gama tashi. A Land Rover abin da sauƙi, gama hinjinta a waje yake, ana ganinsa. Amma motar da nata ke ɓoye a ciki, tilas a lanƙwasa hannun hinjin kamar lauje, domin murfin ya fara ɗagawa sama tukuna, sa'an nan ya kwanta baya. Kwali ba shi da tsada. Gara a ɓata guda 10 da a ɓata ƙarfe ɗaya. Ko a Amurka, inda masu sha'awa ke sabunta tsofaffin Ford na 1932 domin ado da gudu, da zane da gwaji suke farawa kafin su taɓa ƙarfe.

Wajen zaɓen ƙarfe ne maƙera da yawa ke kuskure. Suna son ƙarfen sifirin na mota, don shi suka sani da ƙwari wajen gatari da fartanya. To, ƙwarin da ya dace da gatari bai dace da hinji ba. Ƙarfen sifirin yakan tsage a gefen walda, tsagar kuwa ba ta nuna kanta sai ranar da ya ɓalle gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne ƙarfe mai taushi, shimfiɗaɗɗe, mai kaurin kamar milimita 5 ko 6, wanda in ya gaji zai lanƙwashe a gani, a gyara. In an gasa shi an lanƙwasa a kan uwar maƙera, kada a tsoma shi a ruwa, a bar shi ya huce da kansa cikin toka. Ramin ƙusa kuma a huda shi da injin huji, a gyara bakinsa da magagari, ya zama daidai da ƙusar, kada ta matse, kada ta yi lilo. Ƙusa mai kaurin milimita 8 zuwa 10 ta isa ƙaramar mota. Land Rover mai ɗauke da tayar safaya a kan murfi tana son mai kaurin.

Babban sirrin aikin yana wurin ɗaurawa. Hinji biyu ne, dama da hagu, kuma lalle ne ƙusoshinsu su kasance a kan layi guda. In ɗaya ta karkace ko da kaɗan ne, duk buɗawa sai sun yi kokawa da juna, har ƙarfen murfin ya yage a gindin noti. Hanyar gwadawa ita ce a zare ƙusoshin, a zura miƙaƙƙen ƙarfe ko zare mai tauri ta ramukan biyu, a ga ya wuce ba tare da ya karkata ba. Ramukan noti na fiffike ɗaya a yi su da ɗan tsawo, domin a sami damar matsar da murfin gaba ko baya kafin a ɗaure tamau. A sa faffaɗan ƙarfe ta ciki ya raba nauyi, a sa washa, a datse bakin ƙusar da ƙaramin fil don kada ta zame, a shafa giris. Fatar jikin Land Rover ta alminiyam ce, in ta haɗu da baƙin ƙarfe ga danshi sai ta riƙa cinyewa, don haka a shafa fenti a tsakaninsu. In za a yi walda a jikin motar, a fara cire batir, a kuma kiyayi bututun mai.

Hakimi ba maƙeri ba ne, amma Sarkin Maƙera da shugabannin direbobi suna jin maganarsa. Ana roƙon hakimai su tara su, a karanta musu wannan bayani, a kuma nuna musu cewa sabon hinji ba ya ɗauke bukatar maƙulli na biyu, watau ƙugiyar da ke riƙe murfi in na farko ya saki, da sandar tokarewa da ke kare kan mai duba inji. In motar ofis ce aka yi wa aikin, malamin hakimi ya rubuta ranar, da sunan wanda ya yi, da kuɗin da aka biya, da kaurin ƙarfe da na ƙusa. Kwalin da aka yi gwaji da shi kuma a rubuta lambar motar a jikinsa, a ajiye shi tare da takardunta.