Wanda Aka Ƙera da Hannu, Mutum Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa ɗalibai, a shekarar 1818 wata marubuciya 'yar Ingila, Mary Shelley, ta fitar da littafin almara mai suna Frankenstein. A ciki wani ɗalibi ya harhaɗa sassan gawa ya yi halitta, ta tashi, ta koyi magana da karatu, har ta nemi a yi mata abokiyar zama. To, wannan mutum ne?

A darasin manɗiƙi mun koyi cewa mutum rayayye ne mai magana da hankali. Da wannan ma'auni kaɗai, sai mu ce ya shiga. Amma hadisi na huɗu cikin Arba'una ya nuna mana cewa sai bayan kwana 120 a ciki ake aiko mala'ika ya busa rai. Ke nan rai daga Allah yake, ba a ƙera shi. Ai ɗan maraƙin da Samiri ya yi da kayan ado, a Suratu Ɗaha, jiki ne mai kuka, kukan bai sa ya zama dabba ba. Don haka a wurinmu sura da magana ba su isa a kira abu ɗan Adam ba.

Sai dai akwai darasi. Ɗalibin nan da ya ga munin abin da ya yi, guduwa ya yi ya bar shi, daga nan ɓarna ta biyo baya, har ya rasa ƙanensa da amaryarsa. Kun ga, duk abin da hannunmu ya samar, alhakinsa na wuyanmu.

Wallahu a'alam.