Kwana Ɗayan da Ke Tsakanin Hisabi da Ganin Wata

Sau uku ke nan a daminar bana ana kawo mini ƙara iri ɗaya, ta ƙarshe kuwa daga wani saurayi mai shagon buga katin ɗaurin aure da kalandar makarantun Islamiyya a wajejen Dambatta, wanda ya kwafo wani ɗan rubutaccen umarnin kwamfuta na Bash daga intanet don ya riƙa juya masa kwanan watan Miladiyya zuwa na Hijiriyya, sai ga shi ranar da na'ura ta ce ɗaya ga wata, liman ya ce talatin ne ga wanda ya gabata. Kafin ya iso gare ni magana ta riga ta zaga majalisu, daga Makoɗa har Kunci, wai Yahudawa ne suka dasa kuskuren da gangan don su ɓata wa Musulmi azumi.

Wannan zance ba shi da tushe balle makama, kuma wanda ya ƙirƙire shi bai san kalandarsu ba, bai san tamu ba. Su Yahudawa fiye da shekara dubu ke nan suna tafiya bisa hisabi tsantsa, a kowace shekara 19 suna ƙara wata na goma sha uku sau bakwai, saboda haka na'ura tana iya faɗin kwanan watansu na baɗi ba ta saɓa ba. Mu kuwa, ko da yake tun zamanin Sayyidina Umar aka tsayar da ƙidayar shekaru daga Hijira, kamawar kowane wata tana rataye ne ga ru'uya, a ƙasar nan kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, shi ke sanarwa bayan kwamitin duban wata ya tantance shaidu. To, ina kwamfutar da za ta san ko hadari zai rufe yamma a daren 29?

Abin da ke cikin umarnin nan jadawali ne na malaman falaki, Musulmi ne ma suka yi aiki da shi tun ƙarnonin farko: wata ɗaya 30, na biye 29, a kowane zagaye na shekara 30, mai kwana 10,631, ana samun kabisa 11 waɗanda Zulhajji yake cika talatin a cikinsu. Su kansu ma'abota jadawalin ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, domin wasu sun fara ƙirga daga Alhamis 15 ga Yuli na shekarar 622, wasu daga Juma'a 16, kuma akwai saɓani ko shekara ta 15 ce kabisa ko ta 16. Ga kuma kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda wayoyi da yawa suke bi, ita ma da nata ƙa'idar. Ranar 1 ga Muharram 1400, alal misali, a Makka 20 ga Nuwamba 1979 aka ƙirga ta, jadawalin Juma'a kuwa ya ba da 21.

Gargaɗina, wanda ba zan gaji da maimaita shi ba, shi ne kada kowa ya kuskura ya shiga cikin lissafin ya ƙara kwana ɗaya ko ya rage don ya dace da sanarwar wannan wata. Saurayin nan haka ya yi, ya ga ya dace da liman, ya yi murna. Da wata ya sake kamawa sai saɓanin ya dawo ta ɗaya gefen, katin auren mutane kuwa an riga an raba shi a ƙauyuka. Gyaran gangar auzinawa ke nan. A bar jadawali yadda yake, a buɗe wani ɗan fayil dabam inda za a riƙa rubuta ranar da Sarkin Musulmi ya sanar kowane wata, umarnin ya duba can tukuna, in bai samu ba sannan ya koma ga hisabi. Duk abin da aka buga na watan da bai kama ba, a rubuta “in an ga wata” a ƙasansa, a sa sunan ranar da kwanan Miladiyya a gaba. Idda, da cikar shekarar zakka, da azumi, ba a gina hukuncinsu a kan wannan jadawali, ko sau nawa ya dace.

Akwai kurakurai na haƙiƙa, amma ƙanana ne. Bash tana ɗaukar lambar da ta fara da sifiri a matsayin ƙidayar tushe takwas, saboda haka 08 da 09 suna tsayar da ita cik, shi ya sa wani umarni yake lafiya tun Janairu sai a marka, cikin Agusta, ya ƙi. A cire sifirin ko a sa 10# a gaban lambar. A duba agogon na'ura, domin tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta ya mutu tana mance kwanan wata duk sanda aka ɗauke wuta, wadda aka bari bisa agogon Landan na hunturu kuma tana bayanmu da sa'a guda. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana. Yininmu da magariba yake sauyawa, na na'ura kuwa sai sha biyun dare.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne manomin da bai taɓa shiga aji ba ya san ba a shuka gero da ƙidayar Rajab ko Sha'aban, taurari da ruwa yake duba, ya bambance lissafin rana da na wata sarai, amma ɗansa mai takardar difloma yana kwafo umarni mai layi arba'in ba tare da ya karanta ko ɗaya ba, makarantun Islamiyyarmu kuma sun bar ilmin falaki ya zama baƙo alhali a zaurukan kakanninmu ana karanta shi. Na sa saurayin ya cire gyaran da ya yi, ya gwada 21 ga Nuwamba 1979, na'ura ta ba shi 1 ga Muharram 1400, muka san jadawalin Juma'a yake bi. Katunan da suka rage kuwa ya sake buga su da kuɗin aljihunsa.