Koya wa yara awo da igiya

Darasin yau na iyaye ne da malaman lekol. Yaro ɗan shekara 7 ko 8 yana iya fara koyon awo ko babu littafi. Igiya, turke, karan hatsi da fili mai rairayi sun isa.

Ku fara da abin da yaro ya sani. Ku sa yara biyu su auna tsawon bango da taki. Wannan zai ce 9, wancan 11. Ku ma ku taka, ku sami 6. Sai ku tambaye su: wa ya yi ƙarya? Kada ku yi gaggawar ba su amsa, ku bar su su yi gardama. Da kansu za su gane ƙafafu ne ba ɗaya ba. Haka kamun hannu yake: na dogo ya fi na gajere. Shi ya sa aka yi metir. Metir na Maradi shi ne na Zinder, shi ne na Tahoua, kuma kowane metir santimetir 100 ne.

Ku ari metir wurin tela, ku yanke kara daidai metir 1. Da karan nan yara su auna igiya mai metir 12, su yi ƙulli a kan kowane metir.

Ga aikin farko. A haɗa bakin igiyar biyu. Yara uku su riƙe ta, su ja ta miƙe: gefe ɗaya metir 3, na biyu 4, na uku 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwa madaidaiciya, irin ta tubali. Magina suna fidda harsashin ɗaki da wannan dabara don kada bango ya karkace.

Na biyu, a kafa turke, a ɗaura igiya, yaro ya riƙe tsinke a ɗaya bakin ya kewaya yana zane. Ga da'ira ta fito, kamar gindin rumbu. Su auna faɗinta ta tsakiya, su auna kewayenta. Kewayen zai yi faɗin sau 3 da ɗan ƙari, ko da'irar babba ce ko ƙarama.

Na uku shi ne ya fi wuya, har manya suna ruɗewa a kansa. Ku zana fili biyu. Na farko tsawo metir 10, faɗi 10. Na biyu tsawo 15, faɗi 5. Kewayen kowane metir 40 ne, don haka yara za su ce girmansu ɗaya. To, su tsaga kowane fili gida-gida, metir 1 a kan metir 1, su ƙirga. Na farko gida 100, na biyu 75 kawai. Wanda bai san haka ba, ranar rabon gado ko jinginar gona sai ya karɓi ƙaramin fili yana murna.

Gona mai tsawo metir 100, faɗi 100, ita ce hekta 1, wato gida 10.000. Da hekta malamin gona yake lissafin iri da takin zamani.

Aikin gida: lambu mai tsawo metir 12, faɗi 8. Metir nawa na shinge zai ci? Gida nawa ne a cikinsa?