Kasa Sana'o'i Dangi-Dangi: Nazari Daga Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Idan malami ya shiga aji uku na ƙaramar sakandare a Mawashi, ko a wani gari na ƙasar Kankiya da Kusada, ya tambayi yara abin da kowa ke son zama, da wuya amsoshin su wuce sunaye huɗu ko biyar: likita, soja, lauya, injiniya, wataƙila matuƙin jirgin sama. Na jarraba wannan da kaina lokacin da na je koyarwar gwaji a wata makaranta ta wannan yanki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yaran da suka ce likita ba su iya ambata wani aiki na asibiti ba ban da nas. Ga shi kuwa a ƙarshen wannan aji ne yaro zai zaɓi fannin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci, zaɓin da ke buɗe masa waɗansu ƙofofi ya rufe waɗansu. Yaron da suna ɗaya tak ya sani, ran da jarrabawar JAMB ta hana shi wannan suna sai ya ɗauka karatu ya ƙare, ya dawo gida ya zauna.

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba wata dabara da masu ba ɗalibai shawara ke amfani da ita, watau tara ayyuka masu alaƙa da juna wuri guda a kira su dangi, sa'an nan a nuna cewa Bahaushe ya daɗe da irin tasa.

Asalin dabarar a wajen Turawa

A 1908 wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan zaɓen sana'a a birnin Boston. Ra'ayinsa shi ne mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ake da su, sa'an nan ya gwama biyun. To amma ayyuka dubbai ne, ba wanda zai iya saninsu ɗaya bayan ɗaya, don haka waɗanda suka biyo baya suka shiga kasa su. A 1956 Anne Roe ta kasa su gida takwas, kowane gida kuma ta yi masa hawa shida, daga mai aikin ƙarfi har zuwa babban gwani. A 1959 John Holland ya zo da nasa kashi shida, wanda ya dogara da halin mutum da abin da ransa ke so. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da nata kundin tun 1958, wanda bugun 2008 ya ƙunshi manyan rukunai goma. A Nijeriya, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a riƙa ba ɗalibai shawara a makarantu, tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 kuma ya sa darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare.

A ganina kason Roe ya fi sauran amfani gare mu, saboda wannan batu na hawa. Amma dukkansu an gina su ne a kan ayyukan wata ƙasa. Idan aka karanta wa yaron Mawashi su kamar yadda suke, zai haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya manta.

Kason Bahaushe

Bahaushe bai rubuta kundi ba, amma harshensa da tsarin garinsa sun yi masa aikin. Daga aikatau guda ana samun mai yi da wurin yi: maƙeri da maƙera, marini da marina, majemi da majema, masaƙi da masaƙa. Akwai kuma ɗafa-ƙeyar nan ta "-ci" ko "-nci" mai fitar da sunan sana'ar kanta, kamar dukanci da wanzanci da fatauci da dillanci. Da ayyukan zamani suka shigo sai aka zuba su cikin wannan mazubi ba tare da wani shamaki ba, aka sami likitanci da kanikanci da injiniyanci. Ke nan harshe bai ga wani bambanci tsakanin wanzami da likita ba ta fuskar cewa kowa sana'a yake yi. Har wa yau kowace babbar sana'a tana da shugabanta, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina da Sarkin Noma, unguwanni kuma sukan ci sunan masu sana'ar da ke cikinsu, kamar Dukawa da Soron Ɗinki a Kano, ko Maƙerar Assada a Sakkwato.

Sai dai dangin da ya fi bayyana shi ne wanda ake ganowa in an bi abu guda ana ƙidaya hannuwan da yake ratsawa. Mu ɗauki auduga, wadda ƙasar Katsina ta yi suna wajen nomanta. Manomi ya shuka ya cire. Mata su gurje ta a raba ta da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari ta zama zare. Masaƙi ya yi wadari ya saƙa. Marini ya tsoma a shuni, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, maɗinki ya ɗinka ya yi mata aiki a wuya da aljihu, dillali ya rataya a kafaɗa ya shiga kasuwa, falke kuma ya ɗaure ya nufi wata ƙasa. Kafin riga guda ta hau jikin mai ita ta ciyar da gidaje kusan goma, kuma kowane ɗayansu ya san in na gabansa ya yi ha'inci shi ma zai ji a jikinsa. Ana iya cewa galibin waɗannan matakai sun ja baya, gaskiya ne, domin kaɗi da saƙar hannu sai ɗai-ɗai. Amma ayyukan ba su mutu ba, wuri suka sake. Gurza ta koma injin gurzar auduga, kaɗi da saƙa suka koma masaƙa irin ta Funtuwa, zaɓen iri ya koma hannun masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, rini ya zama ilmin haɗa sinadarai, ɗinki ya haifi tela da mai zanen tufafi. Yaron da ya ga wannan jeri zai gane cewa malamin gona da masanin sinadarai da tela 'yan gida ɗaya ne, hawa ne ya bambanta su.

Haka abin yake ga fata. Dabbar da aka saya a kasuwar Caranci ta fito daga hannun makiyayi, ta bi ta kan dillali da mahauci, fatarta ta je wa majemi ya jeme ta da bagaruwa, baduku ya yi takalmi ko jaka ko sirdi. A saman wannan gida akwai likitan dabbobi, da mai duba lafiyar nama a mayanka, da wanda ya karanci sarrafa fata a cibiyar NILEST da ke Samaru.

Dangin lafiya kuwa ba abu ake bi ba, bukata ake bi. A da akwai wanzami mai ƙaho da kaciya, da maɗori, da ungozoma, da mai maganin gargajiya. A yau akwai likita da nas da ungozomar asibiti, da mai haɗa magunguna, da mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da duba-gari, da mai adana bayanan majinyata, da ma'aikacin lafiyar al'umma wanda shi ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara. Abin takaici a nan shi ne, makarantar koyon fasahar kiwon lafiya tana nan cikin Kankiya, amma sai ka sami yaro ya shekara uku yana maimaita JAMB don neman likitanci, bai taɓa jin wanda ya ce masa wannan ma ƙofa ce ta gidan da yake son shiga ba.

Inda ake bukatar hattara

Kason Bahaushe yana tafe da wani kaya wanda bai kamata malami ya shigo da shi aji ba. Masanin nan M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayin mutane a ƙasar Hausa, ya nuna bambancin da ake yi tsakanin karda, watau wanda ya gaji sana'a, da shigege, wanda ya shiga daga baya. Ya kuma nuna yadda ake ɗora waɗansu sana'o'i a sama, a ajiye waɗansu kamar fawa da kiɗa a ƙasa, har abin ya shafi aure. In malami bai yi taka-tsantsan ba sai dabarar ta juye, ɗan mahauci ya ji kamar an ce masa iyakarsa mayanka, yarinya kuma ta ji an tsare ta tsakanin ɗinki da ungozomanci. Abin da muke ara daga gargajiya shi ne dangantakar aiki da aiki. Ɗan mahauci na iya zama likitan dabbobi, kuma zai riga 'yan ajinsu sanin cikin dabba, amma in ransa na wajen lissafi ba wanda ya ce dole ya tsaya a gidan fata.

Wata matsalar ita ce, akwai ayyukan da ba su zama a gida ɗaya. Maƙeri ɗan dangin ƙarfe ne tare da mai walda da kanike da injiniya, amma rabin cinikinsa fartanya da garma ne, watau da damina yake ci. Akawu da direba da mai aikin kwamfuta kuwa kowane gida akwai su. Bai kamata a ɓoye wa ɗalibai wannan ba. Na lura gardamar da sukan yi a kan inda za a sa maƙeri ta fi koya musu tunani fiye da jadawalin da aka rubuta musu a allo.

Yadda za a gwada a aji

Ba a bukatar kuɗi ko wani littafi. Malami ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowace ƙungiya abu guda da suka saba gani: riga, takalmi, buhun gero, ƙofar ƙarfe, wayar hannu, katin asibiti. Ran kasuwa su je su tambayi mai sayarwa daga ina abin ya fito, wa ya taɓa shi kafin shi, wa zai taɓa shi bayansa. In sun dawo a jera sunayen a allo, sa'an nan a tambayi kowane suna abu uku: a ina ake koyonsa, shekara nawa ake yi, waɗanne darussa yake bukata. A nan ne sunayen makarantu za su fito da ma'ana, ko gidan maigida ne inda ake koyo da hannu, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ko Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya kamata a yi wannan tun zangon farko na aji uku, kafin a cike takardar zaɓen fanni, a kuma gayyato iyaye ran da yara za su gabatar da abin da suka samo, tun da sau da yawa sunan nan guda ɗaya daga bakin uba ya fito.

Mu ma 'yan Sashen Hausa abin ya shafe mu. Sau nawa aka tambaye mu, "In kun gama me za ku yi, koyarwa?" muka rasa ta cewa? Alhali danginmu na da faɗi, daga maroƙi da sanƙira da mai shela na da, zuwa ɗan jarida tun kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da ma'aikacin rediyo tun buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da tafinta a kotu da asibiti, da mai fassara, da mai gyaran rubutu a maɗaba'a, da mai tsara labarin fim. Da za a sami wani cikinmu ya ɗauki littafin Hausa guda na aji ɗaya, ya bi shi tun daga marubuci har zuwa mai shago a bakin kasuwa yana ƙidaya hannuwa, da ya samar wa mujallar nan maƙala ta gaba.