Amsoshin Tambayoyinku: Hutu a Cikin Jirgin Ruwa

Wata mai sauraronmu daga Damagaram tana tambaya: wai mene ne daɗin hutu a cikin jirgin ruwa, har mutane ke zuba masa kuɗi haka?

To Hajiya, kowa da abin da ke kai shi. Wasu hada-hadar suke so. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ga wuraren ninƙaya, ga gidajen abinci barkatai. Wasu kuwa wannan cunkoson ne suke gudu, sai su hau ƙananan jiragen da ke bin kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan.

Inda aka fi samun saɓani shi ne ɗaki. Mafi araha ba shi da ko taga. Wani bai damu ba, kwana kawai yake yi a ciki, wani kuma sai mai baranda yana kallon teku. A ganinmu, mai yawan jin jiri ya manta da baranda, ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi.

Galibi abinci yana cikin kuɗin tikiti, amma intanet daban ake biya. In kina son naman halal, ki sanar da kamfanin tun kafin ranar tafiya.