Tufafin Matan Da

Idan malami ya tambayi yara irin tufafin da mata ke sawa shekara 500 da suka wuce, wani zai ce atamfa, wani ya ce leshi. To, duka biyu baƙi ne. Ya kamata mu da za mu koyar da tarihi mu san gaskiyar al'amarin.

A Ingila matan wancan zamani doguwar riga suke sawa, ɗinkakkiya, har tana jan ƙasa. A shekarar 1363 ma aka kafa doka mai faɗin irin tufar da ta halatta ga kowa gwargwadon matsayinsa. A ƙasar Hausa kuwa babbar riga ta maza ce. Mace zane take ɗaurawa, ta yafa wani, ta sa kallabi.

Wannan zane daga hannun mata yake farawa. Su ke gurzar auduga, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa, marina su tsoma a baba, 'yan bugu su buge shi har ya yi ƙyalli. An ce tun 1498 ake rini a Ƙofar Mata ta Kano, watau zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai turkuɗi har Tambutu, ya kiyasta kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ke zuwa can kowace shekara.

Mu a nan Jos muna da shaidar da ta girmi wannan. A gidan kayan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952 akwai siffofin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa wajen haƙar kuza a 1928. Sun haura shekara 2,000, amma kitsonsu da duwatsun wuyansu suna nan raɗau. Ashe ado ba jiya ya fara ba.

Sai dai yumɓu yana daɗewa, zane kuwa gara da damina ke cinye shi. Saboda haka abin da ya rage yana bakin tsofaffi. Duk wanda ya tafi koyon koyarwa, ya sa kowane yaro ya tambayi kakarsa sunayen zannuwan aurenta, da wanda ya saƙa su, da inda aka rina. A rubuta a littafi tun masu amsar suna da rai.